Aiki Daga Gida: Wa Zai Kaɗa Mana Ƙararrawar Tashi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato irin gajiyar da take cinye mutanen da suke aiki daga gidajensu ta hanyar kwamfuta da intanet. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Tun a watan Maris na 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kamfanin da nake yi wa aikin haɗa rahotanni ya ce mu koma gida mu ci gaba daga can, kuma har yau ban koma zaman ofis na kullum ba. Saboda haka abin da zan faɗa jikina ne ya fara gaya mini shi, sannan daga baya na bi sawun abin da masana suka gano domin in fahimci abin da ya same ni.

Duk wanda ya ji cewa daga gida kake aiki, abin da yake fara cewa shi ne, "Kai kam ka huta." Ni ma haka na ɗauka da farko, kuma akwai gaskiya a cikin maganar wadda bai kamata a danne ta ba. Babu sammakon fita, babu cunkoson ababen hawa safe da yamma, kuma mutum yana tare da iyalinsa. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Nicholas Bloom, ya yi gwaji na wata tara a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, inda aka raba masu amsa kiran waya gida biyu, wasu suka koma aiki daga gida, wasu suka zauna a ofis. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa yawan aikin da na gida suke kammalawa ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Sai dai akwai wani ɓangare na binciken da ba a cika ambata ba: da aka kammala gwajin aka ba kowa zaɓi, kimanin rabin waɗanda suka zauna gida sun nemi komawa ofis, kuma kaɗaici yana cikin manyan dalilan da suka bayar. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da aikinsa yake ƙaruwa ba zai gudu daga wurin da yake ƙaruwar ba, sai idan akwai wani abu da wurin yake ci masa a ɓoye.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ofis yana ba ma'aikaci wata kyauta wadda ba a rubuta ta a takardar ɗaukar aiki, wato iyaka. A ofis akwai lokacin da za ka ga abokan aiki sun fara tattara takardu, mai shara ya shigo, an fara kashe fitilu, ko ba ka so dole ka tashi. Hanyar komawa gida ma, duk da wahalarta, tana da nata amfanin, domin a cikinta ne kan mutum yake sauke kayan ofis kaɗan kaɗan, har ya isa ƙofar gidansa a matsayin miji ko uwa ko ɗa. Da muka koma gida sai wannan iyaka ta rushe ba tare da kowa ya lura ba. Teburin aiki yana taku uku daga gado, wayar da ake turo maka aiki ita ce wayar da kake gaisawa da 'yan'uwa, kuma babu mai kashe maka fitila. Wasu masu bincike na Jami'ar Harvard da Jami'ar New York sun duba saƙonni da tarurrukan ma'aikata sama da miliyan uku a manyan birane 16 a farkon kullen korona, suka gano cewa tazarar da ke tsakanin saƙon farko da na ƙarshe a kowace rana ta ƙaru da minti 48 da rabi. Lokacin da muka yi murnar cewa mun ƙwato daga hanya, aiki ne ya lallaɓo ya karɓe shi.

Ni ban farga ba sai a wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune a bakin gado da kwamfuta a kan cinyata, ina karanta layi ɗaya na wani rahoto karo na huɗu ba tare da ma'anarsa ta shiga kaina ba. Idanuna suna yaji, wuyana ya sage, ruwan da na zuba a kofi tun da yamma yana nan ban taɓa shi ba. Sai 'yata, wadda a lokacin take da shekara shida, ta turo ƙofa da idanun barci ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Baba, ku yaushe ake tashinku daga aiki?" Ita ta san ana kaɗa ƙararrawa a tashe su daga makaranta, don haka a ganinta kowane aiki yana da tasa ƙararrawar. Na buɗe baki in ba ta amsa, na rasa abin cewa, domin gaskiyar magana ita ce na fi wata goma ban tashi daga aiki ba. Barci kawai yake ɗauke ni, in farka in ci gaba daga inda na tsaya.

Ya kamata a nan in bambanta gajiya iri biyu, domin rikita su shi yake sa mutane su yi sakaci. Akwai gajiyar da kowane mai neman halal ya sani, wadda barcin dare ɗaya ko hutun ƙarshen mako yake wankewa. Akwai kuma wadda nake kira gajiya mai cin rai, wadda mutum zai kwanta da ita ya tashi da ita, ya yi hutun kwana biyu ya dawo kamar bai yi ba. Turawa suna kiranta da wata kalma mai nufin ƙonewa ƙurmus, kuma wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ne ya fito da ita fili a 1974, bayan ya ga yadda 'yan sa-kai da suke aiki tare da shi a wani asibitin kyauta a birnin New York suke fara aiki da zafin nama, sannan sannu a hankali su dusashe. Misalin da ya fi zauna mini shi ne na fitila. Idan mai ya ƙare mata ba nan take take mutuwa ba, tana ci gaba da ba da ɗan haske ja, wanda yake nesa zai ɗauka lafiya ƙalau take, alhali lagwaninta take ci.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a cikin bugu na goma sha ɗaya na kundinta na rarraba cututtuka. Ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba, ta kira shi al'amarin da ya shafi aiki, wanda yake samuwa daga matsin aiki na dogon lokaci da ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamomi uku. Ta farko ita ce ƙarewar kuzari. Ta biyu ita ce zuciyar mutum ta yi nisa da aikinsa, ya riƙa ganin baƙinsa da na masu yin sa. Ta uku ita ce raguwar ƙwarewa, aikin da da ake yi cikin awa ɗaya ya koma cin rabin yini. Ta biyun ce ta fi ba ni tsoro da na duba kaina, domin ita ce take canja hali. Ni mutum ne da nake son aikina, amma sai da ta kai ƙarar shigowar saƙo kawai tana sa gabana ya faɗi, kuma wata rana wani ƙaramin abokin aiki ya yi mini wata tambaya mai sauƙi cikin ladabi, na mayar masa da amsa mai zafi wadda har yau nake jin nauyinta, ko da yake na nemi afuwarsa ya kuma yafe. A gida kuwa babu abokin aikin da zai ga fuskarka ta canja ya ce maka, "Lafiya kuwa?" Iyalinka ne suke shan zafin, su da ba su san daga ina yake fitowa ba.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya ga ɓacin rai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da yin aiki na awa 55 ko fiye a mako. Idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40, mai irin wannan dogon aiki yana da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Awa 55 tana kama da abu mai yawa, amma duk wanda yake buɗe kwamfuta ƙarfe takwas na safe, ya rufe ta bayan iyalinsa sun yi barci, ya kuma leƙa ta a ranakun hutu, ya zauna ya lissafa da gaskiya zai ga ya wuce ta. Ni da na lissafa na mako ɗaya a takarda, hankalina ya tashi. Abin takaici shi ne, tun a 1919 yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ta ƙayyade wa ma'aikatan masana'antu awa takwas a rana da awa 48 a mako. Abin da ma'aikata suka yi gwagwarmaya a kansa shekara ɗari da suka wuce, mu muka mayar da shi da hannunmu ta cikin wayar da ke aljihunmu.

To mene ne rigakafin? A ganina tushensa ɗaya ne: tunda ofis ba ya nan ya yi mana iyaka, dole mu gina ta da kanmu, mu kuma gina ta da abubuwan da ido yake gani, domin niyya kaɗai ba ta tsayawa gaban saƙon shugaba. Abu na farko da na yi shi ne na sa wa kaina lokacin tashi, ƙarfe biyar da rabi na yamma, na rubuta shi, na sanar da shugabana da abokan aikina, na kuma sanar da iyalina domin su zama shaidu a kaina. Minti goma sha biyar kafin lokacin nakan ɗauki takarda in rubuta abin da ya rage da kuma abin da zan fara da shi gobe. Wannan 'yar takarda ta yi mini amfanin da ban zata ba, domin aikin da ba a gama ba shi ne yake bin mutum har kan matashin kai, amma da zarar an rubuta shi sai zuciya ta yarda cewa ba zai ɓata ba, ta sake shi. Daga nan sai in kashe kwamfutar gaba ɗaya, in sa ta cikin jakarta, in ja zif, in ajiye ta a inda ba na ganinta. Rufe murfinta kawai bai isa ba, domin kwamfutar da take kunne tana buɗewa cikin daƙiƙa biyu, kuma "bari in ɗan duba" shi ne mafarin awa biyu.

Bayan haka nakan fita in yi tafiyar ƙafa ta minti ashirin in dawo, a madadin hanyar komawa gida da na rasa. Idan na dawo na shiga ta ƙofar nan, na dawo daga aiki ke nan, kuma yara ma sun gane haka. Masu binciken halayyar ma'aikata, musamman Sabine Sonnentag ta ƙasar Jamus, sun nuna cewa jiki ba ya farfaɗowa don kawai hannu ya bar aiki, sai tunani ma ya bar shi. Mutumin da yake zaune cikin iyalinsa amma kansa yana tsara amsar da zai ba shugabansa, har yanzu yana ofis.

Wuri ma yana da muhimmanci, ko da gidan ɗaki ɗaya ne. Ba kowa yake da ɗakin da zai keɓe wa aiki ba, amma kowa yana iya keɓe kusurwa ɗaya da kujera ɗaya, ya ce nan ne wurin aiki, ya kuma hana kansa ɗaukar aiki zuwa gado. Ƙwaƙwalwa tana haɗa wuri da abin da aka saba yi a cikinsa, kuma gadon da ya zama ofis da rana yana wahalar komawa wurin barci da dare. Baligi yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma duk dabarar da aka kawo ta rage gajiya, idan barci bai samu ba, an yi ba a yi ba ne.

Waya kuwa ita ce babbar ɓaraka. Na cire akwatin saƙonnin aiki daga wayata, na kashe ƙarar zaurukan aiki daga lokacin tashi zuwa safiya, sannan na gaya wa shugabana cewa idan abu na gaggawa ya taso da gaske, ya kira ni kai tsaye zan ɗauka. A makonnin farko hannuna yakan kai ga wayar da kansa, in ji kamar na aikata laifi. Amma da aka daɗe sai na ga kiran gaggawar bai cika zuwa ba, wanda ya nuna mini cewa yawancin abin da nake amsawa da tsakar dare yana iya kwana ba tare da an yi asarar komai ba.

A cikin yinin aikin kansa akwai ƙananan abubuwa da ba sa bukatar dogon bayani. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti ashirin na kallon allo, mutum ya ɗaga kai ya kalli wani abu mai nisan kimanin mita shida na tsawon daƙiƙa ashirin. A riƙa miƙewa ana taka ƙafa akai-akai, a kuma bar teburin aiki a lokacin hutun rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma wanda ba ya fita ko nan da can sai ya nemi wannan da gangan.

Inda nake so in ɗan tsaya shi ne tarurrukan bidiyo, domin mutane da yawa suna mamakin yadda zama a kujera ana magana yake gajiyar da su fiye da taron ido da ido. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi bayanin dalilan a 2021. Fuskoki suna matsowa kusa da kai suna kallonka duk tsawon taron, irin kusancin da a zahiri sai wanda ka shaƙu da shi. Kana kallon fuskarka da kanka na awoyi, kamar wanda aka riƙe wa madubi yana magana, kana ta gyara zama da duba kamanninka. Ba ka da damar motsawa saboda kada ka fita daga idon kyamara. Sannan dole ka yi ƙoƙari na musamman wajen nuna cewa kana saurare da kuma karanta fuskokin wasu, abin da a taron zahiri yake faruwa ba da wahala ba. Da na fahimci haka sai na riƙa ɓoye hotona daga allona, na nemi a bar tazarar minti goma tsakanin taro da taro, kuma duk abin da kiran murya zai wadatar, na daina mayar da shi bidiyo. Taro da yawa ma rubutu na layi biyar zai iya maye gurbinsa.

Kaɗaici kuwa yana shigowa ne a hankali. A ofis akwai gaisuwar safe, da 'yar hira a bakin ƙofa, da wanda zai ga ka kasa wani abu ya leƙo ya nuna maka. A gida hulɗarka da abokan aiki tana komawa buƙata zalla: turo mini kaza, gyara kaza, yaushe za ka gama kaza. Idan aka daɗe a haka sai mutum ya fara karanta mugun nufi a cikin saƙon da ba shi da shi. Ni yanzu ina da abokin aiki ɗaya da muke kiran juna sau ɗaya a mako mu yi hirar da ba ta aiki ba, kuma ina ƙoƙarin kada yini ya wuce ban yi magana ido da ido da wani baligi a wajen gidana ba. Wanda kamfaninsa ya ba shi damar raba mako tsakanin gida da ofis, ina ba shi shawara ya karɓa. Shi dai Bloom ɗin ya sake wani gwaji da aka buga a 2024, a kan ma'aikata sama da 1,600, inda aka ga cewa yin kwana biyu a gida cikin mako bai rage ingancin aiki ba, amma ya rage masu ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku.

Ba zan yi adalci ba idan ban ambaci mata ba. Ni idan na rufe ƙofa akan bar ni, amma mace mai aiki daga gida sau da yawa ana ganin tunda tana nan, to tana da sarari, sai renon yara da hidimar gida da aikin kamfani su haɗu a kanta a awa ɗaya. Ina ganin haƙƙi ne a kan mazaje da sauran mutanen gida su ɗauki lokacin aikinta kamar ta fita ne, su kuma raba hidimar da ita da gaske. Wadda ta tashi daga aikin kwamfuta ta faɗa wani aikin har dare, babu wata dabarar numfashi ko motsa jiki da za ta cece ta.

Yanzu kuma, Malam Edita, ga ɓangaren da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. Yawancin shawarwarin da ake bayarwa a kan wannan matsala ma'aikaci ake fuskanta da su, kamar dai shi ne ya gaza. Na yarda muna da namu laifin, ga shi na lissafa nawa. Amma Christina Maslach, wadda ita da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin wannan gajiya a 1981, kuma har yau shi aka fi amfani da shi, ta nuna tare da Michael Leiter cewa tushenta yana cikin yanayin aikin ne, ta fuskoki shida: yawan aiki, da rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, da rashin sakamako ko yabo, da lalacewar zumunci tsakanin ma'aikata, da rashin adalci, da kuma saɓani tsakanin abin da mutum ya yi imani da shi da abin da ake sa shi yi. Wanda aka ɗora wa aikin mutum uku, ko ya kashe wayarsa ƙarfe biyar, aikin yana nan yana jiransa, tsoro kuma zai sa ya kunna ta ƙarfe tara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu ƙasashe sun gane haka har sun sa shi a doka. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairun 2017, an wajabta wa kamfanonin da suke da ma'aikata hamsin ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin katse hulɗa da aiki bayan lokacin tashi. Fotugal ta zartar da doka a 2021 wadda ta hana mai kamfani tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura. A Ostireliya, daga watan Agustan 2024, ma'aikaci yana da 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan lokaci, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Amma shugaba nagari ba ya bukatar jiran doka. Idan tunani ya zo masa da tsakar dare, manhajojin saƙo suna da hanyar da zai rubuta ya saita shi ya tafi da safe, domin saƙon shugaba, ko ya ce ba na gaggawa ba ne, na ƙasa da shi ba zai iya barci a kansa ba. Ya auna ma'aikaci da abin da ya kammala, ya daina auna shi da koren ɗigon da yake nuna yana kan layi. Ina da ƙorafi na musamman a kan manhajojin da ake sa wa ma'aikata don ƙirga motsin linzamin kwamfuta da ɗaukar hoton allonsu. A ganina suna koya wa mutum tsoron tashi ko don ya sha ruwa, suna kuma gaya masa kullum cewa ba a yarda da shi ba, kuma zuciyar da ba a yarda da ita ba tana saurin fita daga aiki. Sannan shugaba ya ɗauki hutunsa na shekara a bayyane, domin na ƙasa da shi abin da yake yi suke kallo.

Masu zaman kansu, waɗanda suke karɓar aiki daga mutane dabam-dabam, nasu ya fi wuya, domin babu albashi tsayayye, kuma kowane aikin da suka ƙi suna ganin kamar sun kori arziki ne. Wasu ma masu ba su aikin suna wata nahiya, ranar can daren nan ce. Shawarata gare su ita ce su faɗi lokutan da ake samunsu tun kafin a ƙulla yarjejeniya, su sa kwanakin hutu da na rashin lafiya a cikin lissafin ladan da suke nema, su kuma koyi cewa, "Ba zan iya a wannan makon ba, amma zan iya a mako mai zuwa." Mai ba da aikin da ya san darajar aikinka yakan jira.

Akwai kuma matakin da gyaran jadawali ba ya isa. Idan mutum ya ga baƙin ciki ya zauna masa mako biyu ko fiye, abubuwan da da suke faranta masa rai a wajen aiki ma sun daina, barci ko cin abinci ya rikice, ko ya fara jin cewa rayuwarsa ba ta da amfani, to ya je ya ga likita ba tare da jinkiri ba, domin wannan gajiya tana iya tafiya tare da ciwon damuwa, shi kuwa ciwo ne da yake da magani. Ciwon ƙirji, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon kai mai naci, su ma likita ne zai duba su, kada a ce gajiya ce kawai a share. Ni da kaina na je, an auna jinina, an yi mini tambayoyi, kuma wannan zama ne ya ba ni ƙarfin zuwa wurin shugabana da lissafin awoyina a rubuce in ce masa nauyin ya fi ƙarfina. An rage mini wani ɓangare, kuma sai da na yi wata uku kafin in ji sha'awar aikina ta fara dawowa.

Roƙona gare ka shi ne, idan wakilanku za su yi hira da masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyin da suke ɗaukar ma'aikata daga nesa, bayan tambayar yawan mutanen da suka ɗauka da ribar da suka samu, su ƙara da tambayar da 'yata ta yi mini: ƙarfe nawa ake tashin ma'aikatanku, kuma wa yake tabbatar da cewa sun tashi? Ina kuma fatan za ku buɗe wa sauran masu aiki daga gida fili, musamman mata da masu zaman kansu, su faɗi yadda abin yake a wurinsu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku da yake aiki daga gida